Kwalbar da Ba Ta da Suna

Litinin, 3 ga Maris

Mutum goma sha bakwai yau. Abokin aikina Dogo yana hutu, matarsa ta haihu, ni kaɗai ce a ɗakin gwaji tun bakwai da rabi har azahar. Litinin ranar masu ciwon suga ce, kowa da kwalbar fitsarinsa a leda, suna miƙo min ta taga kamar masu kawo tsaraba.

Saboda layi ban fara da gwajin tabbatarwa ba, sai da na sallami kowa. Na ciro kwalbata daga jaka, na tsoma tsinke, na sa a na'ura. Ta buga talatin zuwa ɗari uku.

Na sake da wani tsinken. Haka.

Dokar tana manne a bango, ni na manna ta da hannuna: idan ruwan da aka san lafiyayye ne ya nuna ciwo, tsinken ne ya lalace, a soke aikin ranar baki ɗaya. Na ja jan layi a kan mutum goma sha bakwai. Biron ma sai da ya yi min gardama, na karkaɗa shi.

Na dawo gida na dafa shinkafa. Ta yi daidai.

Talata, 4 ga Maris

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in gan shi a takarda.

Ana kawo mana tsinken gwaji da ruwa kala biyu, ɗaya mai nuna ciwo, ɗaya lafiyayye, don mu san ko tsinken yana faɗin gaskiya. Lafiyayyen kullum shi ke fara ƙarewa, kuma in ya ƙare sai a yi wata da watanni ba a kawo wani ba. Tsohon Shugabanmu, kafin ya yi ritaya, ya ce ba za mu rufe taga saboda ruwan kwalba ba, wanda ya fi kowa lafiya a cikinmu ya riƙa kawo nasa. Duk suka juyo suka dube ni. Ba na shan lemo, ba na sa sukari a shayi, da ƙafa nake zuwa aiki. Ba wanda ya tambayi dalili. Shekara tara kenan duk Litinin ina zuwa da fitsarin farko na safe a kwalbar da ba a rubuta mata suna. Daga nan Dogo ya laƙaba min Ma'auni, har masu shara da shi suke gaishe ni.

Shekara goma sha biyu ina da suga. Baban yara kaɗai ya sani, sai mai kantin magani na bayan tashar mota, inda ba a san fuskata ba. Tsinken nan ba ruwansa da suga. Furotin ɗin da ƙoda ke zubarwa in ta fara gajiya yake nema, albumin, ya auna shi da wani sinadarin fitsari, kiretinin. Ƙasa da talatin, lafiya. Shekara tara ina ƙasa da talatin. Wato duk mako ina duba kaina, ba kati, ba likita, ba mai yi min sannu da murya ƙasa-ƙasa.

Yau na kawo wata kwalbar, na ciro sabon gwangwanin tsinke daga kwali na fasa. Haka.

Na rubuta wa sabuwar Shugaba cewa tsinken wannan zubin bai ci gwajin tabbatarwa ba. Ban rubuta da wane ruwa na gwada ba. Wata biyar da zuwanta, ba ta san da maganar kwalbata ba, kuma mace ce mai bin takarda sak.

Alhamis, 6 ga Maris

Shugaba ta kulle kwali goma sha huɗu a kabad ɗinta, ta rataya makullin a wuya tare da katin aiki. Ta ce ta ji daɗin yadda na lura da wuri. Sabon kaya sai nan da wata biyu, wataƙila uku.

Na rubuta sanarwa na manna a taga: an dakatar da gwajin fitsari na ƙoda har sai an sanar. Rubutuna ya yi kyau, ban taɓa yin layi miƙaƙƙe haka ba.

Litinin, 10 ga Maris

Baba mai keke ya zo karɓar sakamako. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya haura saba'in, yana jingine kekensa a ƙarƙashin tagata ya cire maƙalin wandonsa kafin ya yi sallama. Kwalbarsa kullum a leda uku take, ɗaya cikin ɗaya, wai kada ya ɓata wa 'yarsa hannu. Ni ce 'yar. Na gaya masa ina sa safar hannu ya fi sau ashirin, bai fasa ba.

Na ce masa kayan aikinmu ne suka lalace, an soke.

"To 'yata, kafin ki soke ɗin me kika gani?"

Na ce abin da ya lalace ba ya nuna komai, Baba.

Ya ce madalla, rashin labari ma labari ne mai daɗi, ya yi godiya har sau uku, ya hau kekensa.

Nasa ya haura ɗari uku. Na gani da idona kafin in ja layin. Cikin goma sha bakwai ɗin, shida sun nuna.

Laraba, 12 ga Maris

Ba aiki. Na wanke firij ɗin ɗakin gwaji ciki da waje, na jera kwalabe bisa tsawo.

Asabar, 15 ga Maris

Akwai abubuwan da ke ɗaga albumin ba tare da ƙoda ta taɓu ba. Na hardace su, kullum ina karanto wa mutane ta taga. Zazzaɓi. Aikin ƙarfi kwana ɗaya kafin gwaji. Al'ada. Ciwon mafitsara. Ina wanki yau na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ɗan kunne a ƙarƙashin gado. Rabona da zazzaɓi tun bara. Aikin ƙarfin da na yi bai wuce ɗaukar bokiti ba.

To tsinken ne.

Inna, mahaifiyata, shekara biyu ta yi a wankin ƙoda, Talata da Juma'a, awa huɗu-huɗu. Ni ke kai ta. Ni ke zubar da fo ɗinta da safe, kumfa a sama kamar an zuba sabulu. Lokacin ina makarantar koyon wannan aikin, ina karanta abin a littafi da rana, ina zubar da shi a masai da safe. Abin da ya fi tsaya min a rai ba injin ba ne, mutane ne. Daga ranar da aka ce ƙoda, ba wanda ya ƙara yi mata wasa. Inna da ke zagin mutum ya tafi yana dariya, sai ga kowa yana shigowa da sanɗa yana cewa ya jiki. Har ta rasu ba a ƙara yi mata gardama ba, abin da ta fi so a duniya.

Takalmanta suna nan a akwati. Guda uku ba ta taɓa sawa ba, ƙafar ta riga ta kumbura.

Na shanya kayan, iska ta kayar da zanin gado, na sake ɗauraye shi.

Litinin, 17 ga Maris

Na tashi na cika kwalba kafin in tuna ba a gwaji. Hannu ya saba. Na tsaya da ita a banɗaki ina kallo, ruwa garau, ba kumfa ko ɗigo. Kumfa sai can daga baya take zuwa, ni na fi kowa sani. Na juye na wanke kwalbar.

Dogo ya dawo, ya yi ƙiba a wuya. Namiji aka samu, wai ƙafarsa kaɗai ta kai rabin gado. Ya ga sanarwar taga ya riƙe baki.

"Ma'auni, mako biyu kacal na bar miki shago, kin rufe shi?"

Na ba shi labari yadda na rubuta wa Shugaba. Ya ce kwali goma sha huɗu duka? Na ce zubi ɗaya ne. Ya ce ikon Allah, ya shiga nuna min hotuna a waya. Jaririn kamar kowane jariri. Na ce tubarkalla.

Alhamis, 20 ga Maris

Na dawo daga salla na tarar da 'yar takardar na'ura a kan teburina, an danne ta da abin huda takarda. Kwanan watan yau, ƙarfe ɗaya da minti goma. Ƙasa da talatin. A baya Dogo ya rubuta da fensir: fitsarina ne.

Ashe akwai ragowar tsinke a gwangwanin da na fasa ranar Talata, na manta shi a bayan na'ura, Shugaba ba ta kulle da shi ba.

Ya zauna yana lissafin ƙwayoyin jini a madubin gwaji, ƙeyarsa kawai nake gani. Dogo da ba ya minti biyar bakinsa a rufe, har aka tashi bai yi tari ba.

Na ninke takardar huɗu na sa a aljihun farar rigata. Na jira in ji faɗuwar gaba, ko kunya, ko haushi. Abin da na ji kawai ƙarar firij.

Juma'a, 21 ga Maris

Na wanke farar rigar da takardar a ciki. Ba da gangan ba, ina jin.

Talata, 25 ga Maris

Dogo ya rufe ƙofa yau, ya jingina da ita.

Ban riƙe duk abin da ya faɗa ba. Ya ce ya gwada sau uku, nasa da na mai gadi da na matar da ke shara, duk lafiya. Ya ce tsinke ba shi da laifi. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun yaushe me? Ya ce, "Haba Ma'auni. Shekara tara muna shan shayi tare, kina tsammani ban taɓa ganin 'yar ƙwayar da kike haɗiya a bayan ƙofar firij ba?"

Na ce ashe gulma ma aikinka ce.

Ya ce shi ba zai je wurin Shugaba ba. "Ke kika rubuta, ke za ki warware. Amma mutum shida suna yawo a gari suna cewa an duba su ba a ga komai ba."

Na ce ban ce wa kowa ba a ga komai ba, cewa na yi an soke.

"A kunnensu duk ɗaya ne, kin sani."

Na ce ya matsa min daga ƙofa zan wuce. Ya matsa. Ba inda za ni, na je na tsaya a baranda ina kallon bencin masu jira. Fankar da ke samansa ta fi shekara biyu ba ta juya ba, har gizo-gizo ya yi gida a fikafikanta. Wata mata tana fifita da katinta.

Lahadi, 30 ga Maris

Baban yara ya kwance wani tsohon firij a tsakar gida, ya baza kayan cikinsa a kan buhu. Lahadi ma ba ya hutawa, wai firij ba ya sanin ranar hutu. Ya ce in riƙe masa fitila. Ina riƙe yana magana da firij ɗin, kamar yadda ya saba, yana ce masa ai da ka yi ƙara tun farko da ba mu kai nan ba.

Can ya ɗago. "Uwargida, kwana biyun nan ba ki yi min faɗa ba. Lafiya?"

Na ce lafiya lau.

"Jiya na ajiye takalmi a kan tabarma, kin gani kin wuce. Na tsorata."

Na yi masa dariya don ya bar ni. Ya dube ni ya fi yadda ya kamata, sannan ya ce in ɗaga fitilar sama kaɗan.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na auna hawan jinina a kantin bayan tasha. Ɗari da arba'in da takwas bisa casa'in da biyu. Mai kantin ya ce ko na yi sauri a hanya ne. Na ce eh, na yi sauri.

Litinin, 7 ga Afrilu

Likitan masu suga ta leƙo da kanta tana tambaya yaushe za a dawo da gwajin. Ta ce tana aiki kamar mai tuƙi ido a rufe, wannan ne kaɗai ke nuna mata ƙoda tun tana raɗa, kafin ta fara ihu a jini. Ta ce in an kama da wuri akwai ƙaramar ƙwaya da ke rage zubar, mutum ya yi shekaru bai ga injin wanki ba. Ni take gaya wa. Ni da na rubuta wannan maganar a kwali na rataya a baranda.

Na ce muna jiran kaya, likita.

Dogo ya saki gwangwanin auduga a ƙasa. Ya daɗe yana tsincewa.

Baba mai keke ma ya zo. Ya ce ya san ba a fara ba, hanya ce ta biyo da shi. Ya kawo kwalba duk da haka, ko da an dace. Ya mayar da ita aljihu da ledojinta uku. Ya ce kwanan nan keken yana yi masa nauyi a hawan gada, zai kai a duba masa sarƙa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ina ci, ina barci, ina zuwa aiki a kan lokaci. Ban san me ake so in ji ba.

Dogo ya daina ce min Ma'auni. Bai sami wani sunan ba, sai ya riƙa fara magana daga tsakiya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Yau Baba ba a kan keke ya zo ba. 'Yarsa ta gaskiya ce ta kawo shi a motar haya, mace mai kamar shekaruna, tana riƙe da gwiwar hannunsa. Silifas ne a ƙafarsa. Baba da ban taɓa ganinsa ba sai da takalmi mai igiya, a goge. Ƙafar ta cika ta yi sheƙi, igiyar silifas ɗin ta nutse a ciki.

Na san ƙafar nan. Na sha shafa mata mai.

Likita ta rubuto a yi masa gwajin jini da tsinken gama-gari, wanda ba ya ganin furotin sai ya yi yawa. Na tsoma. Kafin in ƙirga sakan sittin ya rine ya yi kore shar. Tsinken nan yana durowa ta biyu a hannun dama, can yake tun ranar goma ga Maris da Baba ya tsaya a tagata yana godiya. Da na tsoma masa a ranar da ya nuna. Ban tsoma ba, don in ya nuna to wancan tsinken ma gaskiya ya faɗa.

Ban taɓa rubuta wannan ba sai yanzu.

Na san mako shida ba su ne suka kumbura masa ƙafa ba, abin ya daɗe yana tafiya. Na kuma san mako shida na magani ba wasa ba ne. Duka biyun na sani, suna zaune a kaina kamar baƙi biyu da ba sa gaisawa.

Da zai tafi ya tsaya a taga. "'Yata, kin rame. Aikin nan ku riƙa hutawa." 'Yarsa ta ce Baba mu je, mai mota yana jira.

Na cire safar hannu, na wanke hannu, na sake wankewa. Dogo ya miƙo hannu ya kashe famfon.

Talata, 15 ga Afrilu

Na shiga ofishin Shugaba ƙarfe takwas, kafin in sami lokacin fasawa. Na faɗa mata a tsaye, kamar mai karanta sakamakon wani. Ruwan tabbatarwa ya ƙare tun bara. Abin da na gwada fitsarina ne, haka muke yi shekara tara. Ina da suga. Tsinke lafiyarsa ƙalau.

Ta cire gilashinta ta ajiye. Ta tambaye ni mutum nawa. Na ce goma sha bakwai aka soke, shida sun nuna, ban da waɗanda suka zo cikin mako shida aka mayar da su. Ta ce su nawa ne su? Na ce ban ƙirga ba. Ta ce ki ƙirga.

Ta ce za ta ba ni takardar gargaɗi, kuma za ta shiga fayil ɗina. Na ce to. Ta ce daga yau ba a ƙara tsoma tsinke a kwalbar da ba suna a ɗakin nan, ko ta waye, ita za ta samo ruwan tabbatarwa daga babban ɗakin gwaji kafin Alhamis. Na ce to. Ta ciro makullin daga wuyanta ta miƙo min, da ɗuminsa.

Har na kai ƙofa ta ce, "Kin buɗe kati?"

Na ce wane kati?

"Naki. Litinin ba ki da aiki sai azahar. Ki bi layi."

Ba ta yi min sannu ba. Na gode mata da wannan, a raina.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Kwana biyu ina kan waya. Mutum tamanin da ɗaya da na ƙirga, ga goma sha bakwai na farko. Ina faɗin abu ɗaya: daga ɗakin gwaji ne, kuskure aka yi, ku dawo da fitsarin farko na safe. Dogo ya ce in ce kuskuren kaya ne, ba wanda zai bincika. Na ce kuskurena ne nake cewa. Ba jarumta ba ce, ya fi gajarta a baki.

Wata ta zage ni tas, ta ce ta bar sana'arta sau biyu ta zo aka kore ta. Na saurara har ta gama, ta ce kina ji na kuwa? Na ce ina ji, ki zo Litinin. Wani ya ce shi ya warke, ya sha wani haɗi. Cikin shidan nan, biyar na samu. Na shida lambarsa ba ta shiga, wani tela ne mai yawan barkwanci. Na rubuta lambar a bayan hannuna ina gwadawa duk awa.

Da na kira lambar Baba mai keke, 'yarsa ce ta ɗauka. Na gaya mata tun uku ga Maris na ga nasa. Ta ce, "Shi kuma kullum yana yabonki a gida." Ta kashe.

Na cire sanarwar taga. Gam ɗin ya bar tabo huɗu a gilashi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na gaya wa Baban yara da safe yana shan shayi. Na yi masa bayanin talatin da ɗari uku, na ce matakin farko ne, sai an maimaita sau biyu cikin wata uku kafin a tabbatar, akwai magani. Ya saurara kamar ina gaya masa ciwon firij.

Ya ce, "Wato ƙara ta fara yi."

Na ce haka.

"To ai gara. Wanda ya yi ƙara shi ake gyarawa."

Ya tashi ya shiga kicin. Na ji yana jan kujera. Da na shiga ɗora girki na nemi gwangwanin gishiri sama da ƙasa, ashe ya ɗora shi a saman kabad, can inda ko da tsintsiya ba na kaiwa. Na ɗaga murya na ce wane irin iyayi ne wannan, ragewa aka ce ba dainawa ba, kuma wa ya ba shi izinin taɓa min kicin? Na yi ta yi. Yana tsakar gida yana dariya, wai alhamdulillahi an dawo da wuta.

Telan ya ɗauka da yamma. Wayarsa ce ta faɗa ruwa. Zai zo.

Litinin, 21 ga Afrilu

Na rubuta sunana a kwalbar da safe. Sau biyu, na farkon ya goge saboda laima.

Ɗakin kati sun ba ni lamba ashirin da uku. Yarinyar ta dube ni ta dubi katin, ta buɗe baki, na harare ta, ta rufe.

Ban taɓa zama a bencin nan ba. Akwai ƙusa a ƙarshensa da ke kama zani. Tagarmu daga waje ta yi tsawo, gajeren mutum sai ya yi ɗage, kuma ba a jin abin da na ciki ke faɗa sai an kara kunne. Shekara goma sha biyar ina jin haushin mutane suna cewa na'am, me kika ce. Zan sa a kawo ɗan dandamali.

Baba yana can ƙarshe, ƙafarsa a kan kwali. An fara masa magani, ya ce kumburin ya ɗan sauka, an tura shi wurin likitan ƙoda ranar Laraba. 'Yarsa ta gan ni ta kawar da kai, ta tashi ta koma tsaye a baranda. Ba wani wuri sai wanda ta bari. Na zauna.

Na fara cewa Baba, ranar nan da ka tambaye ni. Ya ce an gaya masa. Bai ce min "ba komai" ba. Ya dubi jakar da na rungume.

"Yau ke ma, 'yata?"

Na ce ni ma, Baba.

Ya tambaya leda nawa na sa. Na ce ɗaya. Ya girgiza kai, ya ce yaran yanzu.

Dogo ne a taga. Ya kira ashirin da biyu, telan nan ne, ya miƙa tasa yana cewa a duba da kyau kada a sake ba shi ta wani. Sannan ya kira sunana. Sunan yanka, da na mahaifina, yadda ake kiran kowa. Sai da ya maimaita na gane ni ce. Na miƙa kwalbar, ya karɓa da hannu biyu.

Talatin zuwa ɗari uku. Ya rubuta a rajista, layi na ashirin da uku, da baƙin biro. Ya ce, "Hajiya, ki koma ki zauna, likita za ta kira ki," da muryar da yake yi wa kowa, ya ƙara da cewa in kula da ƙusar nan.

Na koma na zauna. Ban san lokacin da abin ya fara ba, kawai na ga katin da ke cinyata yana jiƙewa. Baba bai dube ni ba, ya laluba aljihu ya miƙo min hankici, a ninke, a goge. Na ce masa fankar nan ce ke hura min ido.

Ya ɗaga kai ya dubi fankar da gizo-gizonta. Ya ce haka take yi wa kowa ranar farko.

Likita ta ba ni ƙwayar, rabi da safe. Kwalba ta biyu nan da wata ɗaya. Hankicin yana wurina, na wanke na shanya, sai na goge zan mayar masa.